Ranar da Aka Rubuta Baffa Manomi

Duk mazan gidanmu ƙasa ce a ƙarƙashin faratansu, ban da Baffa, ƙanin mahaifina. Nasa baƙin mai ne, wanda ko sabulun salo ba ya fitarwa. A damatsansa kuma akwai ɗige-ɗigen ƙuna, ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu sun warke sun yi fari, wasu sababbi. Idan ya zo gida daga Zariya ni ce mai kai masa ruwan wanke hannu, kuma da yake ni yarinya ce mai kunya, ba na iya ɗaga kai in dubi babba, sai na san hannayen nan fiye da yadda na san fuskarsa.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Ikara, ta wajen Janfalan. Gandu ɗaya muke, Kaka, mahaifin su Baffa, shi ne mai gida. Kakanninsa Fulani ne da suka ajiye sandar kiwo suka kama fartanya, har Fulatancin ya ɓace masa, sai 'yan kalmomi idan ransa ya ɓaci. Amma asali bai ɓace masa ba. A wurinsa sana'a iri biyu ce, wadda mutum ya gada da wadda ya haye. Ta gado ita ce sunan mutum. Ta haye kuwa kamar rigar aro ce, a sa a fita, a dawo a tuɓe. Ni yana wasa da ni kamar yadda kaka ke yi da jika, yana kirana amaryarsa, yana cewa tun da aka sa ni boko na daina iya dama masa fura.

Baffa walda yake yi a garejin wani kamfani mai sayen auduga da gyaɗa. Da rani kuma masu rake na Makarfi da Kudan sukan aiko masa idan injin matse rakensu ya karye, ya ɗaura akwatinsa a keke ya je. Kowa ya san ƙarfe yake narkawa yana haɗawa. Amma ban taɓa jin kalmar ƙarfe ta fito daga bakin Kaka game da shi ba. In baƙo ya tambaya, sai ya ce, "Yana can Zariya, yana aikin Turawa."

Yana da wani baƙin gilashi da yake kare ido da shi. Wata rana da hantsi ya ɗora mini shi a fuska, ya ce in dubi rana. Na duba. Ta koma 'yar ƙarama, koriya, kamar ɗanyen lemon tsami. Ya ce wutar da yake aiki da ita haka take, ba a kallonta da ido tsirara.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai. Turawan kamfanin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, an kuma fara maganar za a rufe garejin. Baturen da ya koya wa Baffa walda, kafin ya tafi, ya gaya masa cewa a Ingila masana'antu suna neman hannu irin nasa, sai dai yanzu ba a shiga sai da takardar izinin aiki. Ya bar masa wasiƙar shaida daga gareji. Tun daga nan Baffa ba shi da wata magana. Yakan zauna da mahaifina a gindin ɗorawa yana zana abubuwa a ƙasa da tsinke. Ya ce a can da lantarki ake walda, har jikin jirgin ruwa ake haɗawa. Zai je ya koyo, ya dawo ya buɗe garejin kansa a Makarfi, bakin kasuwa. Yana da mata da jariri, ga aikin da ke hannunsa yana shirin kufcewa.

Ya je Kaduna ya karɓo takardar neman izinin, ya naɗe ta a ƙyalle don kada baƙin mai ya taɓa ta. Ya roƙi hedimastan makarantarmu ya zo ya karanta masa. Bayan la'asar suka zauna a zaure, Kaka a kan buzunsa, mahaifina da Baffa a ƙasa. An aike ni da fura. Na ajiye ƙwarya, na koma bayan ƙyaure na tsaya, ba wanda ya ce in tafi.

Bayan an gama gaisuwa, an tambayi iyali da gona da gajiyar hanya, hedimasta ya sa tabarau.

"Layi uku ne, Malam," ya ce wa Kaka. "Na farko na wanda wani kamfani a can ya riga ya kira shi da sunansa. Wannan ba namu ba ne. Na biyu na mai sana'ar hannu, wanda ya ƙware. Su ake nema, ba sa daɗewa. Na uku na kowa da kowa, wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa. Wannan layin, daga ƙasashe da yawa ake shiga, ban san ranar da zai kai kan mutum ba."

"To shi wanne ne nasa?"

"Na biyu, ba ko shakka. Ga wasiƙar gareji. Abin da ya rage, suna son hukumar ƙasarsu ta shaida cewa wannan ce sana'arsa. Dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi."

"Manomi fa, a wane layi yake?"

Hedimasta ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na uku, Malam."

Kaka ya yi dariya, irin dariyar da yake yi idan yaro ya faɗi shirme. "Malamin boko, ka sake dubawa. Turawan ba sa cin abinci? A wace ƙasa ake sa mai noma a bayan mai gyaran mota?"

"Noman can da injuna ake yi, Malam. Ba su rasa masu noma ba."

"Kai dai ka ce ba ka gane Turancin wurin ba."

Hedimasta bai ja ba. Ya sha fura, ya yi godiya. Da Baffa ya raka shi waje na ji yana ce masa da ƙaramar murya, "Duk abin da za ka yi, kada takardun nan biyu su saɓa wa juna."

Makarantarmu tana garin dagaci, tafiyar ƙafa daga ƙauyenmu. Washegari Baffa ya ɗauke ni a keke, ya sauke ni, ya wuce wurin magatakardan dagaci. Da aka tashe mu na same shi zaune a kan dakali yana jirana, fuskarsa ba walwala. Daga baya na ji abin da aka gaya masa. A fadar dagaci babu wata sana'a mai suna walda. Akwai manoma, akwai maƙera, marina, masaƙa, mahauta, majema, kowace sana'a da sarkinta, kuma da bakin sarkin sana'a ake shaidar mutum. Duk wanda ke sa ƙarfe a wuta, a ƙarƙashin sarkin maƙera yake. In Baffa yana son takardar dagaci ta ce mai aikin ƙarfe ne, sai sarkin maƙera ya karɓe shi.

Maƙerar tana kan hanyarmu ta komawa, wata rumfa mai baƙin rufi a bayan kasuwa. Kullum ina wucewa ta gabanta da sauri, don Kaka ya hana mu tsayawa. Ran nan Baffa ya tsaya, ya ba ni keken in riƙe, ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya durƙusa.

Sarkin maƙera gajere ne mai faɗin ƙirji, gashin girarsa duk wuta ta lashe. Bai daina bugun ƙarfen da ke gabansa ba sai da ya gama, ya tsoma shi a ruwa.

"A'a, ɗan Fulani. Ina shanun? Ko su ma walda za a yi musu?"

Yaran da ke jan zugazugi suka ƙyalƙyale. Baffa ya gaishe shi yadda ya kamata, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Wato ka ƙwace mana masu rake shekara da shekaru, ko goro ba ka taɓa kawowa ba, yau Bature ya ce sai da ni, ka tuna hanya."

"A yi haƙuri, Sarki."

"Miƙo hannun in gani." Ya kama damtsen Baffa ya jujjuya shi, ya dubi ɗige-ɗigen ƙunar. "Wuta ta san ka, ba a musu. Ɗan haye ne kai, amma ba kai ne na farko ba. Zan karɓe ka. Sai dai ka san yadda ake yi. Mu ba ma tsintar ɗa a hanya. Ubanka zai zo gaban dagaci, da goronsa, ya ce da bakinsa, ga ɗana na ba ka, maƙeri ne. Ni in ce na karɓa. Shi ke nan, magatakarda ya rubuta."

"Ba za a iya yi ba tare da shi ba?"

"Yana da rai?"

"Yana da rai."

"To ka ji amsarka." Ya ɗauki awartaki ya koma wuta. Sannan ya waiwayo ya dube ni. "Wannan 'yar bokon taku ce? Ki daina gudu in kin zo wucewa, ba ma cin yara."

Baffa ya ɗauke ni muka kama hanyar gida. Ina bayan keke ina kallon rigarsa, gumi ya jiƙa ta daga wuya har tsakiyar baya.

Bai yi wa Kaka maganar a ranar ba. Ya fara bi ta wurin mahaifina, mahaifina ya ce shi ba zai iya ba. Ya bi ta wurin limamin ƙauyenmu, liman ya zo ya zauna da Kaka, ya ce sana'ar halal ba ta da aibu, har a cikin annabawa akwai wanda ya yi aikin ƙarfe. Kaka ya ce ya sani, Allah Ya ƙara musu daraja, kuma shi bai ce haramun ba ne. Liman ya tafi. A ƙarshe Baffa ya je da kansa, wata safiya bayan Kaka ya karya kumallo. Ina tsaye da buta ina jiran in zuba wa Kaka ruwa.

"Baba, magana ɗaya ce za ka faɗa."

"Na ji wadda ake so in faɗa."

"Ba ƙarya ba ce. Tun ina saurayi ƙarfe nake yi. Duk wanda ya je Makarfi ya tambayi maƙerin Zariya, ni za a nuna masa."

"Su faɗa. Bakin kasuwa ne. Ni ban faɗa ba."

"Baba, garejin rufewa za a yi."

"Gona ba a rufe ta ba." Kaka ya gyara zama. "Ka saurara. Ban hana ka tafiya ba. Ka je Ingila, ka je inda ya fi Ingila. Amma kai za ka hau jirgi ka tafi, abin da na faɗa a gaban dagaci kuwa nan zai zauna. Ba ya bin ka. A gidan nan zai kwana. Ubana bai ba da ɗa ga maƙera ba, ubansa bai bayar ba. Ni ne zan ɗauki goro in je in durƙusa wa mai zugazugi?"

"Ba durƙusawa za ka yi ba."

"Wannan fa?" Ya nuna ni da haɓa. Bai ce amaryata ba, wannan ya ce. "Ita da ƙannenta. Gobe in an zo tambayar asalinsu, me za a ce? Gidan da kakansu ya tsaya a fada ya ce su maƙera ne? Ka tambayi yayanka ko ya yarda."

Mahaifina yana zaune a gefe yana gyaran igiyar jaki. Bai ɗago ba. Ni kuwa butar ta yi mini nauyi, ruwa ya fara ɗiga a ƙafata, na kasa gyara riƙon.

Daga nan Kaka ya sassauta murya. "Kai yaro ne, ba ka san manya ba. Duk inda ka je a duniya, in aka ga an rubuta manomi ɗan manomi, an san ɗan gida ne, mai tushe. Bature ma ya san wannan. Wasiƙarka ta gareji tana nan, su ga ka iya aikinsu. Takardar dagaci kuma su ga kai ɗan mutunci ne. Ka samu biyu ke nan. Malamin bokon nan tsoro ne da shi."

Ba don ya cuci Baffa ya faɗi haka ba. Ya gaskata abin da yake faɗa har zuciyarsa. Abin da ya fi ba ni tausayi yanzu shi ne, na ga Baffa ma ya so ya gaskata. Baffa ya ce, "Wataƙila wasiƙar ta isa." Amma duk da haka ya sayi goro. Na gan shi yana yayyafa masa ruwa, yana naɗe shi a ganye. Ina jin yana fatan in an je gaban mutane, Kaka ya ga sarkin maƙera ya zo, ya ga dagaci yana jira, zuciyarsa ta yi laushi.

Ƙofar gidan dagaci tana kallon filin makarantarmu. Ranar da suka zo an fito da mu hutun tara, sauran yara suna 'yar gala-gala, ni na tsaya a jikin katanga inda nake jin komai. Dagaci yana kan shimfiɗarsa, magatakarda a gefensa da alƙalami. Sarkin maƙera ya zo da wankakkiyar riga mai shuni, har da rawani, ban taɓa ganinsa haka ba. Kaka ya zauna a inda dattawa ke zama. Baffa yana durƙushe a baya, aljihun rigarsa ya kumbura da ƙunshin goro, hannunsa a kai.

An daɗe ana gaisuwa. Sannan dagaci ya ce, "Malam, ɗanka yana neman shaidar hukuma zai tafi ƙasar waje. Allah Ya sa alheri. Mece ce sana'arsa?"

Kaka bai dubi kowa ba. Yana kallon tabarmar da ke gabansa. Na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin ƙasa.

"Manomi ne, ranka ya daɗe. Ɗan manomi, jikan manomi."

Dagaci ya san komai, don magatakarda ya gaya masa. Ya ɗan jira. Sannan ya leƙa bayan Kaka.

"Samari, haka ne?"

A garinmu ɗa ba ya ƙaryata ubansa a gaban mutane, balle a fada. Wanda ya yi haka, ko Ingila ya je, ba shi da gidan dawowa. Baffa ya sauke hannunsa daga aljihu.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Magatakarda ya tsoma alƙalami. Sarkin maƙera ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi wa dagaci sallama. Da ya zo wucewa ta gaban Kaka ya ce, "Malam, da ka aiko tun da safe, da ban ɓata shunina ba. Na bar wuta tana ci." Ba wanda ya yi dariya.

Da aka tashe mu Baffa ya miƙo mini ƙunshin goron, ya ce in kai wa mahaifiyata. Ta rarraba wa matan gida, suka ci ba su san na mene ne ba.

Takardun suka tafi Kaduna, wasiƙar gareji tana cewa abu ɗaya, takardar hukuma mai hatimi tana cewa wani. Aka yi girbi, aka shiga rani. Baffa yana zuwa gida yana komawa, kullum sai ya biya ta wurin hedimasta, don ta makaranta amsar za ta zo. Da ta zo, hedimasta bai ba ni in kai ba, da kansa ya tako. An karɓi sunan Baffa, an sa shi a layi na uku, ya jira kira.

Kaka ya ce, "To, ba ga shi an karɓa ba?"

Baffa ya koma Kaduna don a gyara. Ya dawo da yamma, bai shiga gida ba, ya zauna da mahaifina a gindin ɗorawa, ni ina tsintar kalwa a kusa. Ya ce ma'aikacin ofishin mutumin kirki ne, ya ba shi kujera, ya saurare shi. Amma ma'aikacin ya ce takarda mai hatimin hukuma ita ce gaba da wasiƙar kamfani, kuma Baturen da ya sa hannu a wasiƙar ba ya ƙasar balle a tambaye shi. In ana son canji, sai a kawo sabuwar shaida daga dagaci, wadda za ta bayyana cewa ta farko ba daidai ba ce.

"Wato Baba ya koma fada ya ce ƙarya ya yi," in ji mahaifina.

"Wato."

"Za ka gaya masa?"

"In gaya masa me?"

Bai gaya masa ba. Ya ci gaba da jira, ko da yake hedimasta ya daina ba shi ƙarfin gwiwa. Aka rufe garejin, kamfani ya kwashe tukwanen gas ɗinsa, Baffa ya dawo gida da matarsa da ɗansa da akwatin kayan aiki. Ina ajin ƙarshe hedimasta ya ji a rediyo cewa an daina kiran 'yan layi na uku gaba ɗaya. Ya tsayar da ni bayan an tashi, ya buɗe baki zai ba ni saƙon, sai ya fasa, ya ce zai je da kansa.

Baffa bai yi faɗa da kowa ba. Washegari ya ɗauki fartanya ya bi mahaifina gona. Ya tura akwatin ƙarƙashin gado, baƙin gilashin yana ciki. Da rani ya zo, masu rake suka turo mutum daga Kudan a kan keke, injinsu ya tsaya, ga rake a yanke yana bushewa. Mutumin ya yi sallama a ƙofar gida ya ce yana neman maƙerin Zariya. Baffa ya fita, suka gaisa sosai, ya sa aka kawo masa ruwa.

"An yi maka kwatancen da ba daidai ba," ya ce. "Nan gidan manoma ne."

Mutumin ya yi dariya, yana tsammanin wasa ne, don ya san shi. Ya roƙa, ya haɗa shi da Allah. Baffa ya raka shi har bakin hanya. Wasu ma sun zo daga Makarfi, daga Likoro, amsar ɗaya ce, har suka daina zuwa. Matarsa ta yi kuka, ta ce ko don yaron nan ya karɓi aikin. Mahaifina ya ce masa wannan fushi, kansa yake yi wa. Ya ce shi ba fushi yake ba. Noma yake yi fiye da kowa, shi ne farkon fita, shi ne ƙarshen dawowa. Dariyarsa ce dai ban ƙara ji ba, kuma ya daina zane a ƙasa da tsinke.

Muna da garmar shanu guda ɗaya, ita gandun duka ya dogara da ita. A wata damina, ana tsakiyar huɗa, ƙasa ta jiƙu daidai yadda ake so, sai garmar ta ci karo da kututture, ƙarfen da ke riƙe da bakinta ya tsage. Kowa a gidan ya san abin da ke ƙarƙashin gadon Baffa. Da can irin wannan kafin tuwo ya nuna ya gama shi.

Kaka, wanda a lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala, ya jawo garmar da kansa ya jingine ta a ƙofar ɗakin Baffa. Ya juya ya tafi. Baffa ya fito da safe, ya kewaye ta, ya tafi gona da fartanya. Garmar ta kwana a nan, ta sake kwana, kaji suna hawa kanta. Maƙwabta suna ta huɗa, tamu gonar ciyawa tana rufe ta.

Sai Kaka ya kira shi. Baffa ya zo ya durƙusa kamar kullum.

"Ga garma can."

"Na gani, Baba."

"Ai ƙaramin abu ne a wurinka."

"Baba, ni manomi ne. Kai ka faɗa a gaban dagaci, aka tambaye ni, na ce haka ne. A kai wa masu sana'ar."

A hankali ya faɗa, kansa a ƙasa, babu ɗaga murya. Kaka ya daɗe yana kallonsa. Na jira in ji Fulatancin fushi, bai zo ba. Ya ce, "Tashi ka je."

Akwai samari a gidan da zai iya aika. Bai aiki kowa ba. Ya sa aka ɗaura garmar a kan jaki, ya ɗauki sandarsa, ya kora shi zuwa garin dagaci. Ni a lokacin na gama firamare ina jiran sakamako, an aike ni kasuwa sayen kanwa. Da na biyo ta bayan kasuwa na gan shi. Yana zaune a kan gungume a bakin maƙera, takalmansa a gefe, manoma da yawa a gabansa kowa da fartanyarsa ko garmarsa, damina ce. Ba wanda ya ce dattijo ya wuce gaba, shi ma bai nema ba. Tartsatsi yana sauka kusa da bakin rigarsa, yana janye ta. Sarkin maƙera, mai tsokanar duk wanda ya zauna a gungumen nan, bai ce masa komai ba, bugu kawai yake yi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni kamar zai yi wasan da ya saba, leɓensa ya motsa. Sai ya ce, "Wuce gida, rana ta yi."

A hanyar gida na bi ta gefen gonarmu. Baffa yana can shi kaɗai a tsakiyarta, yana tayar da kunya da hannu, ɗaya bayan ɗaya, aikin da shanu za su yi kafin azahar.

Kaka ya rasu bayan 'yan shekaru. Na yi zaton Baffa zai jawo akwatin a lokacin. Bai jawo ba. Ya ce hannu ya manta, kuma yanzu yara masu injin lantarki sun cika Makarfi. Ɗansa ne ya buɗe akwatin wata rana yana neman abin wasa, ya tarar tsatsa ta cinye komai, gilashin kuma ya tsage biyu.

Da lokacin aurena ya yi, dangin mijina sun aiko tambayar asali kamar yadda ake yi. An gaya musu gidan manoma ne tun kaka da kakanni, babu ɗan haye ko ɗaya. Sun ji daɗi. Baffa ne ya karɓi baƙin, don mahaifina ba ya jin daɗin jikinsa a ranar, kuma shi ya ba su wannan amsar.

Bayan sun tafi aka kawo masa abinci, na ɗauki buta na je. Ya miƙo hannayensa. Na duba damatsan, rana ta ƙone su sun yi baƙi ɗaya, ɗige-ɗigen nan ko ɗaya ban gani ba. Na tsaya ina nema har ruwan ya ƙare a butar.

"Ƙaro ruwa," ya ce. "Ƙasar ba ta fita ba."